Ƙwai biyu, shila ɗaya: ina matsalar take?

Sanusi (Wadata, Tawa):
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tattabaru aure shida a bayan ɗaki. Lokacin ɗari komai lafiya, amma tun shigowar bazara abin ya juya. Uwa ta yi ƙwai biyu, su kwanta, sai ɗaya ya ƙyanƙyashe ɗaya ya zama baragurbi. In kuma duka biyun sun fito, ɗaya ya riga ɗan'uwansa da kusan kwana biyu, babban ya danne ƙaramin wurin ɗura, kafin mako ya zagayo ƙaramin ya mutu. Wani ya ce in riƙa ɗauke ƙwan farko in ajiye har ta yi na biyu. Wani kuma ya ce in hannu ya taɓa ƙwai, uwar ta ƙi shi ke nan. Wanne zan kama? Abin yana damuna ƙwarai.

Malam Idi (Bilbis, Tawa):
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a yi maganar ƙwai, gaya mini inda suke kwana. Mi ka yi musu sheƙa da shi, mi ke bisa kansu, kuma ina bakin sheƙar ya kalla?

Sanusi:
Baba, bido ne na yanka na kafa a jikin bango. Rumfar kwano ce a samansu. Bakinsu yana kallon yamma.

Malam Idi:
To, rabin ciwonka ke nan. Roba bisa bango, kwano bisa kai, ranar la'asar tana bugowa kai tsaye cikin watan Afrilu a Tawa. Sa hannunka cikin bidon nan da ƙarfe uku na rana ka ji abin da ƙwan ke ji. Tsuntsun da ke kwance shina haki, baki buɗe, dole shi tashi neman ruwa, ƙwai shi zauna cikin roba mai zafi.

Mu abin da munka taras ga iyayenmu shi ne tukunyar ƙasa. Tsohuwar tukunya da mata sunka bari, a kwantar da ita a gefe, a liƙe ta da laka. Ƙasa tana riƙe sanyi. In ba ka da tukwane, jera birgi ka yi musu ramu. Kwanon nan kuma ka shimfiɗa mishi zana ko karan dawa bisa. Bakin sheƙa kar shi kalli yamma don rana, kar shi kalli gabas, don hadarin damana daga gabas shike tahowa da iska, shi jiƙa maka ɗiya cikin dare guda. Ka juya shi kudu. Batun ɗaukar ƙwai kuwa, ni ban yi. Allah ya hore wa tsuntsu aikinshi, kai dai ba shi inuwa da ruwa da tsaba.

Lawali (Bukoki, Yamai):
Allah ya ƙara girma, Malam. Maganar inuwa babu ja, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma batun ƙwan farko ina da ta cewa, don ni ina yi, kuma ina ganin amfaninsa.

Sanusi, ka fara sanin lissafin. Bayan an haɗa aure sun yarda da juna, wajen kwana 10 mace take yin ƙwan farko, kuma kusan kullum da yamma ne, bayan la'asar. Washegari babu komai. Sai jibi wajen azahar ta yi na biyu, tazarar awa 44 ke nan ko kusa da haka. A tsakanin nan uwa ta gari ba ta kwanciya sosai a kan na farko, tsayuwa take yi a kansa tana gadi. Sai na biyu ya zo sannan kwanci na gaske ya fara. Shi ya sa in komai ya tafi daidai ƴaƴan suke fitowa kusan tare, tsakaninsu awoyi ne ko kwana ɗaya. Ka lissafa daga ƙwai na biyu, kwana 17, wani lokaci 18.

Matsalar ita ce wasu matan, musamman sababbin haihuwa, daga ƙwan farko suke lafewa a kai. Nan tazarar kwana biyun nan take fitowa. Ɗan tattabara kuwa girma yake da sauri ƙwarai, wanda ya riga da kwana biyu ya ninka ƙanensa, wuyansa ya fi tsawo, shi yake fara kai baki. Ni abin da nake yi, in ta yi na farko na ɗauke, in sa mata na roba ko wani tsohon baragurbi da na dafa na yi wa alama, ranar da ta yi na biyu in mayar. Su fito tare, su tashi tare.

Malam Idi:
Lawali, kai kana Yamai kana da ɗaki mai sanyi. Yaron ga ina za shi ajiye ƙwai cikin zafin Tawa?

Hadiza (ma'aikaciyar kiwo, Madawa):
Tambayar Baba ita ce gaɓar maganar, kuma ina roƙon a tsaya a kanta. Ƙwai mai rai ba ya jiran uwa kaɗai, zafi yake bi. A ƙarƙashin uwa yana samun digiri 37 zuwa 38. Amma da zarar zafin wuri ya haura digiri 27 ko kusa da haka, ɗan da ke ciki ya fara motsin girma a hankali. Mu kuwa a Afrilu da Mayu, a inuwa ma muna wuce digiri 40. Ke nan ko uwar Sanusi ba ta kwanta a kan ƙwan farko ba, iskar garin ta fara yi mata kwanci. Wannan ne ya sa bai ga matsalar da ɗari ba sai yanzu.

Don haka dabarar yaya Lawali tana aiki, amma sai in wurin ajiyar ya fi sheƙar sanyi. In ka ɗauke ka sa a kan taga ko cikin kwali a ɗakin kwano, ba ka yi komai ba, wataƙila ma ka kashe shi. Firji kuma sanyinsa ya yi yawa. Abin da muke da shi a gida shi ne gindin randa. Ka sa yashi busasshe ko dusa a ƙaramar ƙwarya, ka kwantar da ƙwan, ka ajiye a inuwar randa inda ƙasa take da danshi, ruwa dai kar ya taɓa shi. Ka juya shi safe da yamma. Kwana biyu ne kawai, zai jure.

Maganar cewa uwa tana ƙin ƙwan da hannu ya taɓa, ba haka ba ne. Tsuntsuwar da take kwanciya a kan ƙwan roba, take karɓar ƙwan maƙwabciyarta, ba taɓawa ce za ta kore ta ba. Abin da yake kore ta shi ne tsoro: yara suna leƙe kullum, mussa tana yawo da dare, kusu yana ratsa sheƙa, ko ƙuma tana cizonta har ta kasa zama. Akwai kuma haɗari ɗaya na gaske: lokacin da ka miƙa hannu takan kai maka duka da fiffike, ƙwan ya fashe a hannunka ko ya gangaro. Ka shigar da hannu a kife, ka rufe ƙwan cikin tafinka kafin ka janye. Hannun kuma ya zama babu mai ko turare, don ɓawon ƙwai yana da ƙofofin numfashi da ido ba ya gani, mai yana toshe su.

Hajiya Rabi (Sabon Gari, Tawa):
Sannunku da ƙoƙari. Ni tsakar gida nake kiwona, ba ni da lokacin ɗauke ƙwai da mayarwa. Amma ban yarda in zuba ido ƙaramin ya mutu ba. In aure biyu sun ƙyanƙyashe kusa da juna, sai in haɗa manyan biyu a sheƙa ɗaya, ƙananan biyu a ɗaya. Muddin suna ƙanana, gashi bai rufe su ba, iyayen ba sa tambaya, ɗura kawai suke yi. In babu wata sheƙar, da safe in na watsa tsaba iyaye sun ci sun sha ruwa, sai in ɗauke babban in sa a ƙwarya na ɗan lokaci. Su dawo su tarar da ƙaramin shi kaɗai, su cika shi. In na taɓa maroronsa na ji ya cika tim, in mayar da yayansa. Kwana kaɗan ya kamo shi. Sanusi ɗana, gwada wannan, ba ya cin ko dala.

Sanusi:
Na gode, Inna. Wannan zan iya farawa gobe da safe in sha Allah.

Abdu (Abijan):
Salamu alaikum mutanen gida. Ina nan wurin bida, ƙanena ke kula da nawa a Keita. Ya aiko mini hoto, sheƙa ɗaya ƙwai huɗu, kuma karo na biyu ke nan ba ko ɗaya da ya ƙyanƙyashe. Ya ce albarka ce. Ni hankalina bai kwanta ba.

Lawali:
Abdu, mata biyu ne suka haɗu. In mata sun fi maza yawa a garke haka suke yi, su gina sheƙa tare, kowace ta yi nata biyu, su yi ta kwanci a banza. Maza biyu ma suna haɗuwa, su kuma sheƙa za ka gani babu ƙwai har abada. A raba su, a nemo maza biyu, a kulle kowane aure a keji ɗaya har su saba.

Abdu:
To yaya yaron zai gane namiji in ya je kasuwa? Bai ƙware ba.

Malam Idi:
Ga kasuwa ko mu da munka tsufa cikin abin ana ba mu mace da sunan namiji. Girman kai da kaurin wuya suna ruɗi. Wanda ke kumbura wuya shina juyi shina jan wutsiya ƙasa shina guɗa, galibi namiji ne, amma akwai mata masu yin haka. Shaida ta gaskiya ga sheƙa take. Wanda ka iske bisa ƙwai daga hantsi zuwa la'asar, shi ne namiji. Mace ta karɓa da marece, ta kwana, har hantsin gobe. Ka ce ma ƙanenka shi sayi wurin mai kiwo da ya san tsuntsayenshi, a nuna mishi uban da ya riga ya yi ɗiya.

Shu'aibu (Ƙonni):
Ni tambayata ta kasuwanci ce. Ina da injin ƙyanƙyasa da nake sa ƙwan zabi da na kaji, yana aiki da hasken rana, babu ruwana da ɗaukewar kuran. Me zai hana in riƙa kwashe ƙwan tattabara ina zubawa a ciki? Uwar ta sake yin wasu bayan kwana goma, maimakon ta ɓata kwana 18 a kwance. A lissafina riba ta ninka.

Hadiza:
Yaya Shu'aibu, injin zai ƙyanƙyashe maka su, wannan ba wuya. Wahalar tana washegari. Ɗan zabo da ɗan tsako suna fitowa da ido buɗe, su bushe, su fara tsattsaga da kansu. Ɗan tattabara yana fitowa ido rufe, jiki kusan tsirara, ko kansa ba ya iya riƙewa, sai bayan kwana huɗu ko biyar idon yake buɗewa. Abincinsa na kwanakin farko ba tsaba ba ce. Wani farin abu ne mai kauri kamar nono da yake fitowa daga maroron iyaye, uwa da uba duka suna yin sa, mai yawan maiƙo da sinadarin gina jiki. Ɗan yana cusa bakinsa cikin na iyayen su tuttuɗo masa. Sai bayan kwanaki suke fara gauraya masa da tsaba mai laushi, wajen kwana 10 ya koma kusan tsaba zalla.

Kuma wannan nonon ba ya zuwa sai da kwanci. Zaman da suke yi a kan ƙwai ne yake sa jikinsu ya shirya shi, ya iso daidai lokacin ƙyanƙyasa. In ka kwashe ƙwai ka katse shirin. Ranar da injinka ya fitar da ashirin, wa zai ɗura musu?

Lawali:
Hanyar da masu tsuntsaye masu tsada suke bi ita ce riƙo. Ina da masu wutsiyar fanka da wasu gajerun baki da ba su iya ɗura sosai ba. Ƙwansu nake ba tattabarun gida su kwanta. Sharaɗi ɗaya ne: auren da zai yi riƙon ya zama ya yi nasa ƙwan kusan lokaci ɗaya, tazara kar ta wuce kwana biyu ko uku. In ɗan ya fito da wuri, nono bai iso ba, yunwa ta kashe shi. In ya makara, su gaji su tashi su bar shi. Shi ya sa nake rubuta ranar kowane ƙwai da alli a jikin sheƙa.

Hajiya Rabi:
Amma Lawali, ita mai tsadar da kake kwashe wa ƙwai, ba ka tausaya mata? Duk kwana goma haihuwa?

Lawali:
Gaskiyarki, Hajiya. Sau biyu a jere nake yi, na uku in bar ta ta kwanta ta yi renon kanta.

Hadiza:
Ko sau biyun ma sai da ciyarwa mai kyau. Ɓawon ƙwai daga jikinta yake fita, in abinci bai ba ta ba daga ƙashinta za ta ɗiba. Daga nan sai ka ga ƙwai mai laushin ɓawo, ko guda ɗaya tak, ko ƙafafunta su mutu bayan ta yi ƙwai, ko ƙwan ya maƙale ta zauna a ƙasa ta kumbura gashi wutsiya tana bugawa. Mafi yawan gidajen da nake shiga hatsi zalla ake watsawa. Hatsi yana da kyau, amma bai isa mai haihuwa ba. A haɗa da dawa, da farfasasshiyar masara, da wake, da gujiya kaɗan. A ajiye musu wani kasko daban: ɓawon ƙwan kaji da aka gasa aka daka, da ƙananan tsakuwa, da ɗan gishiri kaɗan. Za ku ga macen da ke shirin ƙwai ita take fara zuwa wurin.

Sanusi:
Anti Hadiza, saura baragurbin. Yaya zan san ƙwai yana da rai tun da wuri?

Hadiza:
A kwana na biyar da fara kwanci, da dare ko a ɗaki mai duhu, ka ɗora ƙwan a kan fitilar salularka. Ɓawonsa fari ne siriri, haske yana ratsa shi sarai. Mai rai za ka ga jan ɗigo a tsakiya da jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, in ka natsu har bugun zuciya kana gani. Wanda namiji bai taka ba, garau yake, sai inuwar gwaiduwa tana yawo. In kuma ka ga jan zobe ya kewaye ciki babu jijiyoyi, ya fara sannan ya mutu, kuma a wannan yanayin zafi ne na fara zargi. Bayan kwana goma mai rai ya yi duhu, sai sararin iska a gefe mai faɗi. Kar ka daɗe, minti ɗaya ya isa.

Bambancin yana da amfani. In garau ne kullum, duba namijin: ya tsufa, ko bai kai wata shida ba, ko wasu mazan suna ture shi lokacin taka, ko gashin gindi ya yi yawa. In kuwa suna girma su mutu a ciki, duba zafi, bushewar iska, da cuta.

Malam Idi:
Bushewar iska kam gaskiya ce. Ga bazara da lokacin buji, fatar cikin ƙwai tana tauri, ɗa shi huda shi kasa juyawa. Ku aje musu ruwan wanka cikin faffaɗan kasko sau biyu ko uku ga mako. Su yi wanka su koma bisa ƙwai da damshi ga ƙirji. Wanga kaɗai ya ceci ɗiya da yawa a gidana.

Amma ina jan kunnenku ga abu guda. In kun ga ƙwai ya tsage, ɗan baki ya leƙo, ku janye hannu. Daga hudawa zuwa fita shina iya kai kwana guda cur, wani lokaci har da ƙari. Shina hutawa ne, shina janye sauran gwaiduwa cikin cikinshi. Sauri kan haifi nawa. Yara da yawa sun ɓare ƙwai don tausayi, jini ya zuba, ɗa ya mutu a hannunsu.

Lawali:
Malam, in ya wuce kwana guda da rabi, ramin bai ƙaru ba, kukansa yana raguwa fa? Ni a nan nake taimakawa. In jiƙa fatar da ɗigon ruwa mai ɗumi, in ɓalle ɓawo kaɗan kaɗan ta gefen mai faɗi. In na ga ja na tsaya na mayar. Na tsirar da wasu haka.

Malam Idi:
Ka tsirar da su, amma ka bi su ka ga ƙarshensu? Ni abin da na gani, wanda bai iya fita da ƙarfinshi ba, da wuya shi zama uban garke. Ban hana ka ba. Ni dai ban sa irin wanga cikin masu haihuwa.

Hadiza:
Ku duka kuna da hujja. In bushewa ce ta riƙe shi, lafiyayye ne, taimako yana fisshe shi. In rauni ne daga iyaye, ko cuta, Baba ya fi gaskiya. Wanda yake yawan samun mutuwa cikin ɓawo, ga kuma manya masu kumburin gaɓar fiffike ko zawo kore, ya kai wa likitan bisashe ya duba, kar ya yi ta sayen ƙwayoyi a tebur. Haka ma in kun buɗe bakin shila kun ga wani abu rawaya ya manne a maƙogwaro. Iyayen ne suke ba shi ta wurin ɗura, su ba sa nuna alama, kuma ta ruwan sha yake zagaya garke. Yana da magani, amma iyayen ake fara yi wa kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe, kuma a canja ruwan sha kullum.

Hajiya Rabi:
Wani abu da ba a faɗa ba. Kowane aure a ba shi sheƙa biyu. Shiloli suna da mako biyu ko ɗan fiye uwar take sake yin ƙwai, uban ya ci gaba da ɗura wa manyan. In sheƙa ɗaya ce, cikin kashinsu za ta yi, su tattake, su ɓata. Kuma a zuba musu tsinke da ƙananan kara su gina da kansu, don ɗan da ya tashi a kan roba mai santsi ƙafafunsa suna baje wa, ba ya sake tsayuwa. Ni har busasshen ganyen bedi nake sawa a ƙasan sheƙa saboda ƙuma. Wajen mako huɗu nake ɗebe na yanka, lokacin gashin ƙarƙashin fiffike ya cika amma ba su fara tashi ba. Masu jego na unguwa tun kafin su sauka suke aiko mini a ajiye musu.

Shu'aibu:
To na bar batun inji. Amma Malam, kuna ganin a raba maza da mata a huta da haihuwa har ruwa ya sauka, ko a bar su?

Malam Idi:
In kana da wurin rabawa, raba su daga tsakiyar Afrilu har ruwan farko. Uwa ta huta, ta yi ƙiba.

Hajiya Rabi:
Ni ban raba ba, Malam. Nawa suna ƙarƙashin bedi, tukwane ne, kuma da damana sauro yana kawo musu ƙuraje a baki da ido, shilolin lokacin sun fi ba ni wahala a kan na bazara. In na hana su yanzu, na hana su da damana, yaushe za su haihu?

Abdu:
Malam Idi, ƙanena zai shigo Tawa ranar Lahadi don kasuwa. Ko za ku taimaka masa da mazan nan biyu daga wurinku?

Malam Idi:
Shi zo gida bayan azahar, shi taho da kwando mai rufi. Ina da baƙi guda da wani mai zanen fiffike, duka sun yi ɗiya, kuma ba dangin juna ba ne.

Hadiza:
In ya kai su Keita kar ya sake su cikin garke ranar. Keji daban, ruwa daban, aƙalla mako uku, yana duba kashinsu da cikin bakinsu. Bayan nan ya sa kowane namiji kusa da macensa, waya a tsakani, su ga juna kwana biyu ko uku kafin ya buɗe.